Daren Hull, Babu Sauti

Litinin, 6 ga Fabrairu, 2012

Clive ya samu fim ɗin Hull.

Na rubuta ne don in gan shi a takarda ko zai shiga kaina. Bai shiga ba.

Ina kanti ina auna wa wata mata kafet ya bugo waya. "Farfesa, kana zaune ko kana tsaye?" Na ce ina aiki. Ya ce to in nemi abin dafawa. Wai Edna, matar marigayi Len Tranmer, tana kwashe tarkacen gareji, sai ta miƙo masa gwangwanayen fim guda uku, ta ce ya tafi da su ko ta zuba a shara. A jikin kowanne akwai rubutun Len: Kestrel Row, Hull, 76.

Daren Hull. Wasan ƙarshe da Ivor Lusk, mawaƙin ƙungiyar Kestrel Row, ya rera waƙa a ciki, a nan garinmu, kafin haɗarin motar da ya kashe shi. Duk mai tara kayan 'yan Row ya san Len, mai ɗaukar musu hoto, yana wurin da kamara, kuma ba wanda ya taɓa ganin ko ƙyallin abin da ya ɗauka. Shekara ashirin ina bin mutumin nan. Wasiƙu, katin Kirsimeti, har da kwalbar wiski. Amsarsa ɗaya ce, ba shi da komai, in ƙyale shi.

Sai ga Clive Blenkin, mai wankin taga. Wanda ni na fara sa masa faifan 'yan Row a ɗakina muna 'yan makaranta, ya ce hayaniya ce. Wanda har gobe bai san shekarar da suka sauya mai jita ba.

Na ce masa madalla. Na ji muryata kamar ta wani.

Talata, 7 ga Fabrairu

Na yanke kafet ɗin matar nan ba daidai ba. Ban taɓa yi ba tun da na fara aiki a kantin.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Na je na gani. Gwangwanayen suna kan teburin kicin ɗin Clive, tsakanin kwanon man shanu da abincin kare. Ya ɗora kofin shayi a kan ɗaya.

Yana buɗe na farko wani tsami ya doki hancina. Fim ya fara ruɓewa. In aka bar shi a ɗumi haka, kafin bazara ta wuce ya zama danƙo. Na san wannan, shi bai sani ba. Sai da na shanye shayina kafin na ce ya kwashe kayan firji ya sa su ciki. Ban san me ya sa na jira ba. Na sani, ba na son rubutawa ne.

Na tambaye shi yadda aka yi ta ba shi. Ya ce shekara da shekaru yana wanke musu taga, in ya sauko daga tsani su sha shayi da Len. "Kuna hirar 'yan Row?" Ya ce ko sau ɗaya. Len ba ya son maganarsu, tattabaru yake so. Da Len ya kwanta asibiti Clive ne ke zuwa ba tattabarun hatsi.

Ban ma san yana kiwon tattabaru ba.

Sai ya ce akwai matsala. Fim ɗin ba shi da sauti. Len don kansa ya ɗauka, da ƙaramar kamara. "Hoto kawai, tsoho. Za mu ga Ivor yana buɗe baki kamar kifi."

Na ce kash.

Sautin yana gidana, a ɗakin sama, cikin akwatin takalmi. Ni na ɗauka a daren, da rikoda a ƙarƙashin kwat ɗina, daga waƙar farko har ta ƙarshe. Har da waƙar nan da suka yi sau ɗaya tak ba su sake ba, wadda ba ta ma da suna. A zauren masoyansu na intanet ana ta raɗe-raɗin wai akwai kaset, kullum ni ke cewa tatsuniya ce. Ban da ni, matata Denise kaɗai ta sani, ita ma don muna kwana gida ɗaya ne shekara talatin.

Duk sauran abin da na tara wani yana da irinsa. Wasan Rotterdam, gwajin da suka yi a situdiyo a Wales, abin da talabijin ɗin Jamus ya yanke ya yar, duk na yi musayarsu. Wannan ɗin nawa ne ni kaɗai.

Laraba, 15 ga Fabrairu

Clive ya sanar a zaure. Ya ɗaga fim ɗin a jikin taga ya ɗauki hoton 'yan wurare ya sa.

Zaure ya kama da wuta. Uwe na Hamburg, wanda in ya rubuto mini sai ya fara da ban haƙuri, ya rubuta wa Clive "ranka ya daɗe". Wani daga Osaka ya ce ya yi kuka. Mutanen da shekara goma sha suna tambayata kome, yau Clive suke tambaya, shi kuma yana amsa musu da kuskure.

Abin da ya fi ci mini rai, ya ce in an gyara zai sa shi a intanet kowa ya kalla. Kyauta. Mu da muka yi rayuwarmu a kan ka ba ni Oslo in ba ka Rotterdam. Na buga masa waya na ce ba haka ake yi ba. Ya ce, "To ni ma ai ba saya na yi ba."

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Denise tana soya ƙwai, ba ta ko juyo ba: "Ka gaya masa?"

Na ce me.

Ta kira sunana kawai: "Nev."

Na ce lokaci bai yi ba. Ta ce lokacin yana da shekara talatin da shida, ya isa aure.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Na buɗe sabon suna a zaure. Mutumin Grimsby, garin maƙwabtanmu da ba ma jituwa da su, don ba wanda zai zaci ɗan Hull zai yarda a kira shi haka. Na rubuta cewa hotunan nan ba Hull ba ne, wasan Leeds ne na kwana biyu kafin nan, kuma a yi hattara da masu neman suna.

Na ji daɗi na kamar tsawon shan shayi ɗaya.

Talata, 21 ga Fabrairu

Clive ya zo kanti da bokitinsa, fuska a murtuke. Wai wani wawa daga Grimsby yana ƙaryata shi, wasu har sun fara yarda. "Ni ban iya irin gardamar nan ba, Farfesa. Kai suke ji. Ka gyara masa zama."

Me zan ce? Na dawo gida na zauna na rubuta dogon bayani da sunana. Na nuna ƙarfen baranda, wanda zauren Leeds ba shi da irinsa. Na nuna facin da ke jikin babbar gangar Dougie Fenn, wadda ta yage a Leeds aka liƙe ta washegari. Na kira Mutumin Grimsby mai rabin sani. Ban taɓa rubuta abu mai kyau haka a zauren ba. Kowa ya yaba. Clive ya aiko: "Ka kashe shi, mutumina."

Na goge ɗayan sunan.

Na kuma ba shi lambar wata mata a Leeds mai gyaran tsofaffin fina-finai. Don kada ya kai wa wani ya lalata, shi ke nan.

Asabar, 17 ga Maris

Mun kalla.

Rabin gwangwani na uku ya riga ya tafi, sauran matar Leeds ta ceto. A falon Clive, da rana, ya ja labule. Ni da shi da Denise da kare. Ya so ya sa faifansu a gefe don a ji wani abu, na ce in ya sa zan tashi.

Ban san yadda zan rubuta ba. Ivor da farar rigar nan, gumi ya manne ta a bayansa. Na yi shekaru ina jin numfashinsa a kaset tsakanin baiti da baiti, yau na ga kafaɗarsa tana hawa da sauka. Ba motsi a ɗakin sai kare yana lasar ƙafa.

Sai Len ya juya kamara kan jama'a.

Denise. Shekara goma sha tara, gashi har baya, a kan kafaɗun Clive, hannuwa sama, baki buɗe. Tana rawa da dukan jikinta, shi kuma yana riƙe da gwiwoyinta yana dariya. Na san sun ɗan yi soyayya kafin ni. Kowa ya sani. Sani daban, gani daban.

Ta dafe baki ta ce, "Dubi gashina." Clive ya ce, "Dubi wuyana, har yau bai warke ba." Suka yi ta dariya, har da hawaye.

Can kamara ta wuce ta gefen wani ginshiƙi. Ga wani yaro tsaye ƙiƙam cikin kwat, ya rungume cikinsa da hannu biyu, kai a sunkuye. Duk zauren yana tsalle ban da shi. Bai fi ƙiftawa uku ba. Ina fata ba su gane ni ba.

Kusa da ƙarshe Ivor ya matso bakin dandamali shi kaɗai, ya rufe ido. Waƙar da ba ta da suna. Clive ya ce, "Wannan fa ita ce, ko? Kaico." Bakin Ivor yana motsi, kuma na san kowace kalma. Da na waiga Denise ba fim take kallo ba, bakina take kallo. Ashe yana motsi.

Lahadi, 18 ga Maris

Na tambaye ta muna wanke kwanuka. Ta ce wata huɗu suka yi, ya fiye surutu, kuma ƙafarsa tana wari.

Na ce ban taɓa ganin ta yi rawa haka ba.

Ta ajiye soso. "Duk wasan da ka kai ni, me kake ce mini kafin a fara?"

Ta amsa wa kanta.

"Kar ki yi magana, kar ki yi tafi kusa da ni, kar ki taɓa hannuna na hagu. Da wa zan yi rawar, Nev? Da rikoda?"

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

Alhamis, 29 ga Maris

Jaridar gari ta sa hoton Clive. Yana riƙe da gwangwani a juye.

Asabar, 14 ga Afrilu

Dougie Fenn ya zo gidan Clive.

Dougie Fenn, mai gangar Kestrel Row, shi kaɗai ya rage a raye cikinsu, a kan kujerar da kare ke kwana. Jikarsa ce ta ga labarin ta gaya masa, ya hau jirgin ƙasa daga Inverness. Clive ya gayyace ni, ba zan hana shi wannan ba. Na sa rigar kirki, na ɗauki kwalin faifansu na farko don ya sa mini hannu.

Ya tsufa. Kunne ɗaya ya mutu, hannuwa suna rawa. Ya rungume Clive a bakin ƙofa kamar sun yi soja tare. Da aka ce ga Neville, wanda ya fi kowa sanin tarihinsu, ya ce, "Sannu Nigel." Na gaya masa ina da fim ɗin gwajinsu na Wales. Ya ce abin da ya tuna da Wales kawai, ruwan zafi ba ya zuwa. Sai ya juya yana tambayar Clive sunan kare.

Aka sa fim. Yana ta ba'a, ya ce dubi wandon wane, dubi sajen wane. Da aka zo kan waƙar nan marar suna ya daina ba'a. Ya ce a maido baya. Aka maido. Ya ɗora hannuwa a gwiwa yana ƙoƙarin bin hannuwansa na cikin fim, ya kasa, ya sake, ya kasa.

Ya ce Ivor a mota ya rubuta ta, a hanyar Leeds, a bayan takardar da aka naɗe musu kifi da dankali. Ba su ma gwada ta ba sai a daren. Sati uku bayan nan aka binne shi. "Na yi shekaru ina nemanta a kaina. Na tuna na ji tsoron in ɓata masa ita, na tuna har warin zauren. Amma yadda take, babu. Da zan ji ta sau ɗaya."

Clive ya dafa kafaɗarsa.

Ni ina zaune da kwalin faifai a cinya. Abin da ke kaina, in na faɗa yanzu, Clive zai samu hoto da sauti da Dougie duka, ni kuma in zama mutumin da ya kawo kaset. Haka na yi tunani, tsoho yana goge ido a gabana.

Ban ce komai ba. Ban ma ba shi kwalin ba.

Litinin, 16 ga Afrilu

Clive ya ba Denise labari a waya, yana murna. Ta saurara, ta ajiye, ta tambaye ni ko gaskiya ne Dougie ya faɗi haka ina wurin. Na ce e.

Ta ce ba ita za ta tona ni ba, ba nata ba ne. Ta haɗa jaka ta tafi Bridlington wurin yayarta. Wai tana son iskar teku. Ban ce mata a nan ma akwai iska ba.

Juma'a, 20 ga Afrilu

Wake na gwangwani da burodi, kwana na huɗu.

Na hau sama na sa kaset ɗin. Ban kai ƙarshe ba. Yanzu in na rufe ido ba Ivor nake gani ba, sai wuyan Clive.

Talata, 24 ga Afrilu

Ya rubuta a zaure jiya. Za a nuna fim ɗin a ƙaramar silimar bayan tasha ƙarshen Mayu, Dougie zai dawo. Za su ɗora sautin wasan Rotterdam a kai, ita kuma waƙar nan, tunda ba abin da za a ɗora mata, za su yanke ta.

Rotterdam. Shekara uku kafin nan, da wani mai jitar daban. Kuma su yanke.

Na fita daga kanti lokacin cin abinci na neme shi. Na same shi a layin bayan coci, a kan tsani, hawa na biyu. Na tsaya a ƙasa na ce ba za a ɗora Rotterdam a kan Hull ba ina raye. Ya ce to me za a ɗora, bai ko waigo ba.

Na ce Hull.

Ya ci gaba da goge gilashi har ya gama tagar. Ya sauko a hankali, ya jefa tsumma a bokiti.

"Duka?"

"Duka."

"Har da ita?"

Na gyaɗa kai.

Na shirya wa ihu, ko murna, ko naushi. Ya zauna a kan katanga kawai. Ya ce tun ranar da muka kalli fim ya gane. "Kana tsaye jikin ginshiƙi kamar mai naƙuda. Ko makaho ya san akwai abu a kwat ɗin nan."

Na ce to me ya hana ka tambaya.

"Don kada ka ce babu. In ka dubi idona ka ce babu, ban san yadda zan ƙara zama da kai a mashaya ba." Ya ɗago ya dube ni. "Ni ba komai, Nev. Na saba da halinka tun muna aji ɗaya. Amma tsohon nan, kana zaune kana kallonsa."

Bai ce mini Farfesa ba ko sau ɗaya.

Na ce ina da sharaɗi, ni zan haɗa sautin da hoton, kuma a rubuta sunana. Ya ce a rubuta shi sau goma in ina so. Ya ɗauki tsaninsa ya wuce gida na gaba.

Laraba, 25 ga Afrilu

Na buga wa Denise waya a Bridlington na gaya mata. Ta ce, "To." Sai ta tambaya ko na fitar da shara.

Asabar, 5 ga Mayu

Ta dawo tun Lahadi. Ba mu tayar da maganar ba. Ta zubar da gwangwanayen wake.

Aikin ya fi yadda na zata wuya. Batirin rikodata ya fara mutuwa a tsakiyar wasan, saboda haka kaset ɗin ba ya tafiya daidai da fim, sai an bi waƙa waƙa, ana kallon sandar Dougie ana jiran ƙarar. Kullum bayan aiki ina gidan Clive. Shi yana soya tsiran alade, yana tsoma baki a abin da bai sani ba. Jiya ya ce bugun ya riga hannu sauka. Na ce ya je ya wanke taga. Na duba, ya riga ɗin.

Yau muka haɗa waƙar. Ivor ya rufe ido, ya buɗe baki, murya ta fito. Clive ya tashi ya shiga kicin, ya daɗe yana buɗe famfo. Da ya dawo ya ce, "Shekara talatin da shida kana jin wannan kai kaɗai. Ba ka gaji ba?"

Na ce a'a.

Ya sa kwafi a ambulan ya aika wa Dougie, wai kada tsohon ya fara jin ta a gaban mutane. Ni ban yi wannan tunanin ba. Haushi ya kama ni da ban yi ba.

Lahadi, 27 ga Mayu

An nuna jiya da yamma. Silima ta cika, har da masu tsayuwa. Uwe ya zo daga Hamburg, gajere ne ashe.

Da aka gama Dougie ya hau gaba, ya ce tun da ambulan ya iso kullum da safe sai ya ji ta kafin ya sha magani. Ya gode wa Len, ya gode wa Edna da ke layin gaba da jakarta a cinya. Ya kira Clive, zaure ya miƙe tsaye. Sannan ya ce a gode wa Nigel mai kaset.

Nigel.

A jikin fim an rubuta daidai, amma lokacin da sunan ya fito an kunna fitila kowa yana neman kwat ɗinsa.

A mashaya mutane sun yi wa Clive zobe. Wata 'yar gidan rediyo tana riƙe masa makirufo, yana gaya mata wai a watan Maris aka yi wasan. Fabrairu ne. Na buɗe baki, Denise ta sa mini soyayyen dankali a ciki.

Uwe ya ja ni gefe ya ce ashe ƙarya nake musu duk shekarun nan. Na ce e. Ya ce shi ma da haka zai yi. Bai ce mini ranka ya daɗe ba.

Edna ce ta zo ta same ni da kanta. Ƙaramar tsohuwa, ido kamar na tsuntsu. "Kai ne mai wasiƙun nan." Ta ce Len yana karanta mata su da babbar murya yana dariya, wai na fi shi sanin inda ya kwana a 74. Wiskin kuma ita ta shanye, shi ba ya sha. Da ta ji aikina ta ce kafet ɗin matakalarta ya ɗago, sau biyu tana tuntuɓe. Na ce zan leƙo.

Juma'a, 1 ga Yuni

Fim ɗin yana intanet. Kowa da kowa. Wani yaro ya rubuta a ƙasa wai sautin bai da kyau. Ka zo ka tsaya awa biyu ba motsi mu gani.

Denise ta ce in daina karanta abin da suke rubutawa. Tana faɗa tana rera waƙar a hanci. Ba daidai take rera ta ba, na ƙyale ta.

Laraba, 13 ga Yuni

A mota nake rubuta wannan.

Na je gidan Edna da kayan aiki. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na je ne da ido a buɗe, ina leƙen kowane lungu. Ban ga komai ba. Na gyara matakalar, na sauya mata ƙarfen bakin ƙofa tunda ina wurin. Ta yi shayi, ta ba ni labarin yadda suka haɗu da Len a jirgin ruwan da ke tsallaka kogi, da yadda ƙafarta ke kumbura. Na daɗe. Ba laifi, tana da ban dariya.

Zan tafi ta ce in jawo mata injin shara daga ƙarƙashin matakala. A bayansa akwai gwangwani ɗaya, ƙarami, ya yi tsatsa. Rubutun Len: Ivor, situdiyo, shi kaɗai, 75.

Ba wanda ya san akwai irin wannan. Ko raɗe-raɗi ba a taɓa yi ba. Ni ma ban sani ba.

Ta ce, "Au, wani ya rage? Ɗauka, ladan matakala." Kamar tana ba ni biskit.

Yana kan kujerar gefena yanzu. Ba wanda ya ga na fito da shi. Edna za ta manta kafin Lahadi. Akwai wuri a ɗakin sama, na ma san inda zan sa shi.

Motar tana ƙofar gidan Clive. Bai dawo ba tukuna, kare yana ta leƙe ta labule. Kullum haka yake, ya ce biyar ya zo shida.

Ba wai zan ba shi ba ne. Murfin ne ya ci tsatsa, sai mutum biyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya murɗa. Ban gwada ba, amma da gani.